Doguwar Hanyar Zuwa Gaban Bagade

Duk wanda ya taɓa shiga majami'ar Katolika, ko da ɗaurin auren abokin aiki ne ya kai shi, ko kuwa jana'izar maƙwabci, zai lura da wani abu guda wajen ƙarshen sujada. Fada yakan sauko daga bagade riƙe da wani ƙoƙon ƙarfe, jama'a su tashi su yi layi, kowa ya karɓi 'yar farar gurasa wadda faɗinta bai wuce na tsohon kwabo ba, ya sa a baki, ya koma mazauninsa ya durƙusa. Amma fa ba kowa ke tashi ba. Sai ka ga yarinya 'yar shekara goma ta shiga layi, alhali kuwa ga dattijo mai furfura, wanda ya riga kowa zuwa, ya kuma fi kowa ɗaga murya wajen waƙa, yana nan zaune a benci ya sunkuyar da kai. Baƙo yakan zaci ko ganin dama ne, wanda ya so ya je, wanda bai so ba ya zauna. To, ba haka ba ne. Tsakanin bencin nan da bagade bai fi taki ashirin ba, amma akwai mutanen da suka yi shekara ashirin ba su kai ga taka shi ba.

Na san yawancin masu karanta wannan jarida Musulmi ne, kuma da dama daga cikinsu suna zaune gida ɗaya ko unguwa ɗaya da 'yan Katolika ba tare da sanin abin da ke kai 'ya'yan maƙwabtansu coci kowace Asabar da yamma ba. Ni haifaffen gidan Katolika ne, daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, da Hausa aka yi mini baftisma, da ita kuma na koyi duk addu'o'in da na sani. Saboda haka abin da zan faɗa ba labarin ƙanzon kurege ba ne, abin da na tashi a cikinsa ne.

A koyarwar Katolika akwai ayyukan ibada guda bakwai da ake kira sakramenti, watau alamu na zahiri waɗanda aka gaskata cewa ta wurinsu Allah yake ba da alherinsa. Su ne baftisma, da tabbatarwa, da Jibi Mai Tsarki wanda a bakin mutane ake ce wa kominiyon, da ikirarin zunubi, da shafa wa marar lafiya mai, da naɗin firist, da aure. Uku daga cikinsu, baftisma da tabbatarwa da naɗin firist, sau ɗaya tak ake karɓarsu a rayuwa, ba a maimaitawa. In ban da wanda ke bakin mutuwa, ba wanda ake bai wa ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan sai an shirya shi. Ko jariri, da yake ba shi da bakin amsa tambaya, iyayensa ake zaunar da su a karantar kafin a zuba masa ruwa a ka.

Mai wannan aiki na shiryarwa ba Fada ba ne a yawancin ƙauyuka. Fada ɗaya yana iya riƙe da ƙananan majami'u goma ko fiye a cikin yankinsa, wanda ake kira farish, wata majami'ar sai ta yi wata guda ko biyu ba ta gan shi ba, balle da damina in rafi ya kawo. Wanda ke zaune da mutane kullum shi ne katikis, mu kuwa Malam kawai muke ce masa. Shi ke buga ƙararrawa, shi ke jagorantar addu'ar Lahadi in babu Fada, shi ke binne matattu, shi ke sasanta miji da mata, shi ne kuma mai koyar da katikisma. Tun lokacin da limaman Katolika na farko suka kafa sansani a Shandam cikin 1907, a kan wuyan irin waɗannan mutane aikin ya rataya, domin Bature bai iya Hausa ba sai da tafinta, bai kuma san gidan da ake rikici ba sai an gaya masa. A Malumfashi ma akwai makaranta ta musamman inda ake horar da su. Sai a 2021 Fafaroma Francis ya mai da aikin katikis muƙami na hukuma a cikin ikilisiyar duniya baki ɗaya. Da na ji labarin na ce a raina, an yi abin kirki, sai dai Malam namu ya yi shekara talatin yana aikin, abin da ake ba shi a wata kuwa bai isa kuɗin buhun taki ba.

Ajinmu a gindin darbejiya yake, bayan majami'a. Duk wanda ya yi makarantar allo, da ya wuce ta wurin zai gane abin da ake yi ba sai an yi masa bayani ba. Malam ya jefo tambaya, mu yara mu amsa baki ɗaya da wani irin kari kamar waƙa, a maimaita, a sake maimaitawa, har ta zauna. Haka muka haddace dokoki goma, da addu'ar Ubangiji, da gaisuwar Maryamu, da kalmar bangaskiya, da addu'ar tuba. Akwai ɗan littafin rajista da Malam ke kiran suna a ciki, wanda ya yi fashi da yawa sai baɗi. Akwai kuma tsumagiya, ko da yake ta fi yin aikin nuni da ta duka. Masu ilmin zamani suna sukar wannan hanya, wai hadda ce ba fahimta ba, kuma akwai gaskiya a maganarsu, don na san yaran da suka iya jero amsoshi kamar aku ba su san ma'anar rabin kalmomin ba. Amma ni ban goyi bayan a watsar da haddar ba. Na ga tsofaffi a gadon asibiti waɗanda suka manta sunayen jikokinsu, amma da an ɗauko addu'ar da suka haddace a gindin itace, sai ka ga leɓɓansu na motsi.

Doka ta ce yaro na iya fara karɓar Jibi da zarar ya yi hankali, watau wajen shekara bakwai. Fafaroma Pius na 10 ne ya tsai da haka a 1910, domin kafin nan a ƙasashen Turai da yawa sai yaro ya kai sha biyu ko fiye. Abin da ake nema a wurinsa kaɗan ne: ya iya bambanta wannan gurasa da gurasar shan shayi, ya san cewa a bangaskiyar Katolika, bayan addu'ar Fada, ta zama jikin Almasihu. A wurarenmu dai da wuya ka ga ɗan bakwai a layi. Ni ina da goma cif lokacin da aka kai mu gaban Fada jarrabawa, cikin shekarar 2000. Yakan zauna a kujera a barandar gidansa, a shiga ɗaya bayan ɗaya, ya yi maka tambaya uku ko huɗu. Wanda ya faɗi yakan fito yana kuka, ba don kome ba sai don an riga an kai farin yadi wurin tela.

Kafin Jibin farko dole sai an yi ikirarin farko, wannan kuwa shi ne abin da ya fi ba yara tsoro. Za ka durƙusa kusa da mutumin da ya san ubanka, ka gaya masa da bakinka cewa kai ne ka saci mangwaron gidan su wane, ka zagi yayarka, ka yi wa Inna ƙarya. Malam ya sha nanata mana cewa abin da aka faɗa a wurin nan ya mutu ke nan, Fada ba shi da ikon fitar da shi ko da za a yanka shi, in kuwa ya kuskura ya tona asirin mai ikirari, nan take ya fita daga tarayyar ikilisiya, ba wanda zai kwance shi sai fadar Fafaroma. Mun ji, amma ba mu sakankance ba sai da muka ga an kwana biyu ba a kira kowa gida ba. Yanzu da nake aikin jarida, inda ɓoye sunan wanda ya ba ka labari yake cikin manyan ƙa'idojin sana'a, nakan yi mamakin tsananin wannan doka, domin mu namu alkawarin kotu na iya matsa mana lamba a kansa, shi kuwa Fada ba a bar masa ƙofar fita ko ɗaya ba. Tun daga babban taron Lateran na 1215 aka wajabta wa kowane baligi ya yi ikirari aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma karɓi Jibi a lokacin Ista.

Akwai kuma ɗan azumi kafin karɓa. A da, daga tsakar dare ba ci ba sha. A 1957 aka rage shi zuwa awa uku, a 1964 Fafaroma Bulus na 6 ya mai da shi awa ɗaya, ruwa da magani kuma ba sa karya shi. Kakata har ta rasu ba ta yarda da wannan rangwame ba. Takan ce, wa ya taɓa ganin an sha koko sannan a tafi gaishe da sarki.

Wannan duk hanyar yaran da aka haifa a cikin addinin ce, kuma mai sauƙi ce. Ta manya ita ce mai tsawo. Babban mutum da ya zo neman baftisma yakan yi shekara biyu ko uku a ajin masu koyo. Tsohon tsari ne na ƙarnonin farko wanda babban taron Batikan na biyu, da aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya ce a farfaɗo da shi, aka kuma fitar da littafin tsarinsa a 1972. Ana karɓar mutum a ƙofar majami'a a yi masa alamar gicciye a goshi. In ya cika karatu, kuma mutanen unguwarsa sun shaida halinsa, sai a rubuta sunansa ran Lahadin farko ta azumin kwana arba'in. A Lahadi ta uku da ta huɗu da ta biyar a fito da shi gaban jama'a a yi masa addu'o'in tsarkakewa. Sa'an nan a daren Asabar, jajiberen Ista, bayan an hura wuta a waje an kunna babban kyandir, a yi masa baftisma, a tabbatar da shi, ya karɓi Jibi, duk a zama ɗaya.

To, a cikin wannan aji ne yayan mahaifina ya yi shekara goma sha tara.

Baffa ya tashi cikin addinin iyaye da kakanni, irin na Maguzawa, ya yi aurensa biyu bisa al'ada tun kafin ya fara zuwa coci. Matan nan biyu sun zauna lafiya, 'ya'ya goma sha ɗaya tsakaninsu, tukunya ɗaya, rumbu ɗaya. Ya shiga ajin Malam a 1998. Bai iya karatu ba, amma cikin shekara biyu ya haddace littafin katikisma kaf, har in Malam ya yi tafiya shi ke riƙe mana aji. Shi ya ba da filin da aka faɗaɗa majami'a, shanunsa suka jawo yashin ginin. Amma da aka zo rubuta sunaye, sai Fada ya kira shi gefe ya karanta masa doka. Auren Katolika na mace ɗaya ne da namiji ɗaya har mutuwa. Mai mata fiye da ɗaya da ke son baftisma sai ya zauna da ɗaya. Ta farin ce a ƙa'ida, amma kundin dokokin ikilisiya na 1983, a sashe na 1148, ya ba shi damar zaɓen wata in zama da ta farin zai yi masa wuya, da sharaɗin ya rabu da sauran a matsayin mata, a kuma tabbatar an biya musu bukatunsu bisa adalci. Wannan rangwame ma ba sabo ba ne, asalinsa tun 1537, lokacin da masu wa'azi suka tarar da irin wannan matsala a nahiyar Amurka.

Mahaifina yana wurin, shi ya ba ni labarin amsar da Baffa ya bayar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Fada, na ji dokar, ban kuwa ce ba ta da kyau ba. Amma yarinyar nan na ɗauko ta daga gidan ubanta da rana tsaka, da shaidu. Ba ta yi mini laifin kome ba. In na ce mata daga yau ke ba matata ba ce don ina son in shiga aljanna, da wane ido zan dubi 'ya'yanta?" Fada bai yi masa gardama ba. Ya ce ya ci gaba da zuwa, ƙofa a buɗe take, in kuma ciwon ajali ya zo a aika a kira shi ko da tsakar dare ne.

Haka aka zauna. Uwargida aka yi mata baftisma, da yake aurenta ne na fari, ikilisiya ta ɗauke shi a matsayin sahihi. 'Ya'yan duka goma sha ɗaya aka yi musu, ɗaya bayan ɗaya suka wuce ta gaban ubansu suka shiga layi. Shi da amarya, wadda mu muke kira Gwaggo Ƙarama ko da ta yi jikoki, suna benci. Na sha zama kusa da shi ina yaro, in na dawo daga bagade sai ya matsa mini wuri, ya dafa kaina, bai taɓa cewa uffan ba. Fadoji huɗu suka zo suka tafi, kowanne ya same shi a nan ya bar shi a nan.

A 2016 uwargida ta rasu bayan gajeriyar jinya. Da aka share makoki, sai ya zamana abin da ya hana shi shekara da shekaru ya kau da kansa, tun da yanzu matarsa ɗaya. A daren Ista na 2017 aka yi musu baftisma shi da Gwaggo Ƙarama, aka kuma ɗaura musu aure a gaban bagade, yana da kusan shekara saba'in. Mata suka yi ta guɗa. Da na je gaishe ta da safe na ce, "Gwaggo, barka da arziki," sai ta ce, "Ɗana, barka dai. Amma da an tambaye ni, da na zaɓi Yaya tana raye ina benci."

Ba na cikin masu cewa a soke dokar aure ɗaya, domin ita ce ginshiƙin yadda Katolika ta fahimci aure, kuma na ga matan da ta kare daga wulaƙancin kishiya. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne a auna mutumin da ya yi aurensa da gaskiya tun bai san dokar ba da ma'auni ɗaya da wanda aka ɗaura masa aure a coci sa'an nan ya je ya ƙaro. Kuma nauyin ya fi faɗawa kan mace ta biyu, wadda sau da yawa ba ita ta zaɓi gidan da aka kai ta ba. Maganar dai ta kai sama. Babban taron da aka yi a Roma cikin Oktoban 2023 ya nemi ƙungiyar bishof-bishof na Afirka da Madagaska ta yi nazari a kan yadda za a riƙa kula da masu mata fiye da ɗaya da ke zuwa ga bangaskiya. A Nuwamban 2025 kuma ofishin koyarwa na Batikan ya fitar da wata takarda da ta sake jaddada aure ɗaya. Watau dokar na nan daram, abin da ake tattaunawa shi ne yadda za a zauna da irin su Baffa ba tare da an mai da su baƙi a majami'ar da suka gina ba.

Amma kada mai karatu ya zaci duk masu zaman benci irin Baffa ne. Mafi yawansu a yau matasa ne, tsararrakina, waɗanda aka yi musu baftisma tun suna goye. Sun biya sadaki, an kai amarya bisa al'ada, har da 'ya'ya biyu ko uku, amma ba a ɗaura a coci ba, saboda haka ba su da damar karɓar Jibi. Ka tambaye su dalili, sai su ce kuɗi. Alhali abin da doka ta nema kawai shi ne Fada da shaidu biyu, bayan an yi karatun shirin aure, an kuma yi shela ko akwai mai wata magana, a wurare da yawa har da gwajin jini saboda ciwon sikila. Farar riga da zobe mai tsada da hayar zaure da buhunan shinkafa, mu muka ɗora wa kanmu. Shi ya sa nake yaba wa Fadojin da ke tara ma'aurata goma ko ashirin su ɗaura musu rana ɗaya, kowa da tufafin da yake da su.

A wani ɓangaren kuma laifin ba na jama'a ba ne. Na san wata majami'a a birni inda ba a karɓar sunan yaro a ajin Jibi sai uwarsa ta kawo katin da ke nuna ta biya duk kuɗaɗen gini da na girbi da na ƙungiya. Wata bazawara mai sayar da ƙosai ta janye 'yarta saboda haka. Gini na bukatar kuɗi, ba musu, amma sashe na 848 na kundin nan ya faɗa ƙarara cewa kada a hana matalauci sakramenti saboda talaucinsa. Sau da yawa ma Fada bai san ana yi ba, 'yan kwamiti ne a bakin ƙofa.

A gida kuwa matsalar ta wuce ta kati. Tun da 'yan bindiga suka addabi kudancin Katsina, iyaye ba sa sakin yara su yi tafiyar mil biyu zuwa aji da yamma. A watan Mayun 2021 aka shiga gidan Fada a Malumfashi da dare, aka kashe Fada Alphonsus Bello. Bayan haka wa zai ga laifin firist in ya yi jinkirin shiga daji? A 2023 aka yanke sabuwar dayosis ta Katsina daga ta Sakkwato, aka naɗa Bishof Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, ya shugabance ta, abin da ya rage nisan da ke tsakanin ƙauyukanmu da mai ikon yin tabbatarwa, domin a ƙa'ida aikin bishof ne.

Tabbatarwar ce ma ta sa na koma aji bana, a nan Legas. Ɗan ƙanwata, mai shekara goma sha huɗu, ya nemi in tsaya masa. Mai tsayawa dole ya kai sha shida, ya kasance shi ma an tabbatar da shi yana kuma karɓar Jibi, kada ya zama uba ko uwar yaron. Aka ce in kawo katin baftismata, sai da na aika gida aka buɗe tsohuwar rajista, inda ake rubuta kome a layin sunan mutum, ranar baftisma, ranar tabbatarwa, ranar aure. Ran bikin zan tsaya a bayansa in ɗora hannun dama a kafaɗarsa, bishof ya shafa masa man zaitun da aka gauraya da turare a goshi, irin wanda ake keɓewa sau ɗaya a shekara a makon Ista. Manya na ta tsorata shi wai bishof zai mare shi. Da can akwai ɗan taɓa kumatu, amma an cire shi tun gyaran 1971.

Da Turanci ake koya musu a nan, shi kuwa yaron da Hausa uwarsa ta koya masa addu'a, saboda haka kowace Asabar in mun fito sai mu zauna a shagon mai shayi in fassara masa abin da aka faɗa. An ce kowa ya zo da sunan waliyyin da yake so a kira shi da shi ran tabbatarwa. Ya tambaye ni wane suna Baffa ya ɗauka a 2017, na ce Yusufu. Ya rubuta shi a takardar, muka miƙa wa katikis.